Sakan Goma a Aljihun Shekari

Shekari ya durƙusa a ɗakin 'yarsa, ya zura hannu ƙarƙashin gado yana laluben jakar gana-masgo, sai yatsunsa suka taɓa kwali. Ya jawo shi waje. Kwalin taliya ne, an ɗaure shi da robar tsohon tub na keke, kuma tun bai kwance ɗaurin ba wani ƙanshi ya bugi hancinsa, kamar an jiƙa alawa a ruwan mangwaro.

Jakar yake nema saboda gobe Asabar Debby za ta tafi Abuja. Wani kamfanin haɗa wutar sola ne ya ɗauke ta horon wata shida, ita kaɗai mace cikin mutum takwas da aka zaɓa a ajinsu na kwalejin foli. Sati biyu Shekari ya yi yana cewa a'a kafin ya ce to. Ko da ya ce to ɗin ma, bai daina tambayar gidan wa za ta zauna, wace coci ce kusa, da ƙarfe nawa ake tashi aiki ba.

Ya kwance robar. A ciki an jera wasu abubuwa masu kama da biro mai kauri, ja da shuɗi da ruwan hoda, wasu kuma faffaɗa kamar laita. Bai buƙaci kowa ya faɗa masa ko mene ne ba. Shekara tara yana jan keke tsakanin Nasarawa da Barnawa, ya sha ɗaukar samari da 'yan mata masu zuƙar wannan abu a bayansa suna busa masa hayaƙi mai zaƙi a ƙeya. Su shisha fen suke ce masa. Shi kuwa taba mai batir yake kiransa.

Ya ƙirga. Arba'in da uku. Ya sake ƙirgawa, suna nan arba'in da uku.

"Hannatu!"

Matarsa ta leƙo daga tsakar gida da kumfar wanki a hannu. Ta dubi kwalin, ta dubi fuskarsa.

"Me ya kai hannunka kayan yarinya?"

"Jaka nake nema. Kin san da wannan?"

"Na san tana da kwali. Ban buɗe ba. Ta ce kayan makaranta ne."

"Kayan makaranta! Zo ki shaƙa ki ji. Wace makaranta ce ke ƙanshin mangwaro?"

"To ka jira ta dawo daga kitso ka tambaye ta mana, Baban Debby."

"In tambaye ta me? Ba ga shi ina gani da idona ba?"

Hannatu ta koma wankinta, don ta san inda abin ya taɓa shi. Lokacin da yake aiki a masaƙa a Kakuri, kwalin taba guda yake sha a rana, shi da ƙanensa Tanko, a bakin get lokacin hutu. Ranar da aka haifi Debby, ya miƙa hannu zai karɓe ta, nas ta ja hanci ta ce, "Malam, ka ɗan matsa, jaririya ce." Tun ranar bai ƙara sa taba a baki ba. Tanko bai daina ba. Shekara shida ke nan da suka kai shi Zonkwa suka binne, bayan ya yi wata huɗu yana tari a cikin gwangwani.

Cikin kwalin akwai guda ɗaya da ta bambanta da saura, doguwa, mai launin azurfa, da maɓalli a gefe. An manna mata guntun salatif an rubuta 4.1 da biro. Ya san wannan huɗun. Tun tana firamare Debby ba ta rufe kan huɗunta, har malaminta ya gaji ya ƙyale ta. Ya cusa abin a aljihun wando tare da makullan gida, ya mayar da kwalin da ƙafa, ya fita ya tayar da keke.

Fasinjarsa ta farko Asabe ce, tela, 'yar zumuntar mata ta cocinsu, wadda ke da shago a Barnawa. Ta cika kujerar baya ita da ledojin yadi, tana ba shi labarin ɗinkin bikin da aka kawo mata jiya ana so yau. Shi dai "uhm" kawai yake cewa. A zuciyarsa yana ganin Debby a Abuja, inda babu shi, babu uwarta, babu ko maƙwabcin da zai ce ya gan ta.

Sun faɗa wani rami kusa da gada sai ya ji ɗumi a cinyarsa ta dama. Ya ɗauka zafin inji ne. Ɗumin ya ƙaru, ya zama kamar an ɗora masa kofin shayi.

"Dattijo," in ji Asabe tana shinshina, "me kake dafawa a gaba? Ina jin mangwaro da ƙaurin auduga."

Kafin ya samu gefen da zai tsaya, zafin ya ɗauke da kansa. Ya taka birki, ya zura hannu ya fito da abin. Makulli ne ya danne maɓallin. Wata 'yar fitila a jikinsa tana ƙyafta ido, ta ƙyafta, ta ƙyafta, ta mutu. Ya riƙe shi nesa da fuskarsa da yatsu biyu.

"Yesu! Dattijo, kai ma ka fara?"

"Wani fasinja ne ya manta a keke," ya ce. Ƙaryar ta fito da sauƙin da ya ba shi kunya.

"To kar ya fashe mana. Kai shi wurin Vicky maƙwabciyata, ita ke sayar da su. In mai tsada ne ma ƙila ta san mai shi."

Shagon Madam Vicky bango ɗaya ya raba shi da na Asabe. Caja da iyafis da murfin waya sun cika gaba, a gefe kuma akwai akwatin gilashi da aka jera irin abubuwan nan reras kamar kayan zaƙi. Ita 'yar Jos ce, doguwa, da tabarau a saman kai. Shekari ya duba hagu da dama kafin ya shiga. Shekara goma sha ɗaya yana dattijon ikilisiya.

"Sannu Baba. Caja ko iyafis?"

Ya ajiye abin a kan gilashi. "Wannan ya ƙona ni a aljihu, kuma ya mutu. Na lalata shi ne?"

Ta ɗauka ta juya, ta yi dariya. "Bai mutu ba, Baba. Ceton cinyarka ya yi. Duba nan." Ta danna maɓallin ta riƙe, fitilar ta kama, ta fara ƙirga da ƙarfi. "Ɗaya, biyu, uku..." A kan goma fitilar ta ƙyafta sau da yawa ta ɗauke, alhali yatsanta na nan a kan maɓallin. "Ka gani? Ko ka danne shi har gobe, sakan goma kawai zai ba ka wuta. Daga nan ya yanke. Sai ka saki, ka sake dannawa."

"Wa ya kashe shi?"

"Shi ya kashe kansa. Akwai wani ɗan faifai a ciki, bai kai farcenka ba, shi ke lura. In an danne da yawa ya yanke. In batir ya yi ƙasa sosai ya yanke. In waya ta taɓa waya ya yanke."

Shekari ya matso ba tare da ya yi niyya ba. A masaƙa, injin da ya yi shekara goma sha huɗu a kansa haka yake: zare ɗaya ya tsinke cikin dubu, duk injin ya tsaya cak ya jira ka. Ya sha tsayawa yana mamakin mutumin da ya zauna ya yi tunanin wannan, mutumin da ya san wata rana ma'aikaci zai juya baya ko ya yi gyangyaɗi. Bai taɓa zaton zai sake haɗuwa da irin wannan hankali a cikin abin da ya fi tsana a duniya ba.

"Wannan zoben na gindi fa?" ya tambaya.

"Ƙarfin wuta ne. Bolt ake ce masa. Ka murɗa nan, uku da ɗigo uku, hayaƙi kaɗan. Ka murɗa can, huɗu da ɗigo takwas, hayaƙi kamar ana gasa masara. Yaran Barnawa kullum can suke kaiwa, su ƙone audugar, su dawo su ce na sayar musu da jabu." Ta danna maɓallin sau biyar da sauri. "Yanzu na kulle maka. Sau biyar a buɗe, sau biyar a rufe. Amma ai babu komai a ciki, ruwan ya ƙare tas."

"Ya ƙare?"

"An shanye, Baba."

Ya tuna sauran arba'in da biyun. Duk ba su da nauyi a hannu.

Madam Vicky ta sauke tabarau ta dubi salatif ɗin. "Af! Ai na san wannan rubutun. Wata yarinya ce 'yar Nasarawa, baƙa siririya. Duk Juma'a tana nan, ba ta fashi. Wata biyar ke nan ko shida, har na saba in ajiye mata..."

Ya fizge abin daga kan gilashi.

"Tsaya mana, Baba, ban gama ba!"

Ya riga ya fita. Bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba a hanyar komawa, duk da mutum uku sun ɗaga masa hannu.

Rana ta take lokacin da ya shiga gida. Ya wuce Hannatu a tsakar gida, ya ɗauko kwalin, ya ɗauki galan ɗin da yake ajiye ragowar fetur, ya nufi bayan gida inda mutanen gidan haya ke ƙona shara. Baba Godwin, tsohon soja da ke ɗakin ƙarshe, yana zaune a inuwar dalbejiya yana gyaran takalmi.

"Shekari, lafiya da tsakar rana?"

"Lafiya ƙalau. Ka zama shaida, Baba Godwin. Yarinyar nan ba inda za ta. Ba Abuja, ba ko Kamazou da ke nan kusa. Na faɗa na gama."

Hannatu ta biyo shi da waya a kunne. "Ki bar kitson ki zo yanzu. Ya ɗauki kwalinki ya ɗauki fetur." Ta saurara, fuskarta ta canja. "Baban Debby, ta ce kar ka kusanci wuta da shi! Ta ce ka tsaya!"

"Ai dole ta ce."

Ya yayyafa fetur a kan busassun ganye da takardu, ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi. Ya ɗebo uku daga kwalin, ja biyu da ruwan hoda ɗaya, ya wurga ciki. Ya tsaya yana kallon robar tana narkewa tana lanƙwashewa. So yake ya ga waɗannan sun ci tukuna, sannan ya juye sauran gaba ɗaya. Gidan kitson bai wuce layi biyu ba, amma bai yi zaton za ta iso da wuri haka ba. Sai ga ta a guje babu takalmi ɗaya, rabin kanta an kitse, rabin a tsaye kamar tsintsiya.

Ba ta gaishe shi ba. Ta dubi wutar, ta dubi kwalin da ke hannunsa.

"Nawa ka sa?"

"Ke har kina da bakin..."

"Baba, nawa?"

"Uku."

Ta karɓe kwalin da hannu ɗaya, ta damƙi bayan rigarsa da ɗayan, ta ja shi da baya har ya kusa faɗuwa. Tunda aka haife ta ba ta taɓa sa masa hannu haka ba. "Mama, bayan bango! Baba Godwin, tashi!"

Tsohon soja bai tambayi dalili ba, ya bar takalminsa ya tsallake kwata. Sun kai bayan bangon bayi ke nan aka ji wani huci kamar taya ta sace, sannan ƙara, fau! Wani abu ya fito daga wutar yana feshin farin tartsatsi, ya bi ta daidai inda Shekari yake tsaye ɗazu, ya bugi kwanon rufin bayi ya faɗo yana juyi a ƙasa. Na biyu ya biyo. Kajin maƙwabta suka watse.

"Saura ɗaya," in ji Debby. Ta riƙe hannun ubanta ba ta saki ba. Na ukun ya daɗe, har Baba Godwin ya fara ɗaga kai, sannan ya fashe. Sai a lokacin ta ajiye kwalin a inuwa, ta ɗauki shebur ɗin magina da ke jingine, ta riƙa ɗebo yashi daga tarin mai gida tana rufe wutar da guntayen da suka faɗo, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa. Shekari yana kallonta.

"Da ka juye arba'in," in ji Baba Godwin yana kakkaɓe wando, "da yau na koma Laberiya ban shirya ba."

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

A ɗaki Debby ta zauna a ƙasa ta ce, "Baba, miƙo mini rediyonka."

Rediyon nan wata uku ke nan yana yabonsa a tashar keke. Da can kowane sati sai ya sayi batir. Wata rana Debby ta karɓa ta ce za ta duba, ta dawo da shi da wata 'yar kafa a gefe inda ake sa cajar waya. Tun lokacin sau ɗaya yake caji a sati. Ta kwance bayan da sukudireba. A gurbin batir akwai wasu 'yan dunƙule guda uku masu launin azurfa, an naɗe su da salatif, an haɗa su da waya ja da baƙa. Ta kai masa kusa da hanci. Can ƙasa-ƙasa ya ji mangwaro.

"Fitilar teburin Mama, guda huɗu ne a ciki. Tocilan ɗin Baba Godwin, biyu." Ta ɗauko mitar auna wuta daga jakarta, ta zaro ɗaya daga kwalin, ta ɓalle gindinsa da filaya, ta fito da batir. "Yawancin waɗannan na sha-ka-yar ne. Ruwan ya ƙare, su jefar. Amma batirin irin na waya ne, ana iya cajinsa sau ɗari da ɗari, su kuma sau ɗaya suka yi amfani da shi. Riƙe nan." Ta sa masa wayoyin mitar a hannu, ja a wannan kai, baƙa a wancan. Lamba ta fito: 3.8.

"Wannan lafiyayye ne. In ya cika huɗu da ɗigo biyu yake kaiwa. In na auna na ga ya faɗi ƙasa da uku, ko ya kumbura, ba na amfani da shi, yashi nake binne shi a gwangwani in kai wa masu karɓa. Kuma ba na haɗa ko ɗaya sai na sa masa ɗan faifan da zai yanke wuta in ya cika ko in ya yi ƙasa." Ta nuna wani ɗan koren abu a cikin rediyon. "Ga naka nan. Shi ya sa kake barinsa a caji ka fita, ba abin da ke faruwa. Wuta ce kawai ba ta da faifai, Baba. In ka jefa shi a wuta babu mai yanke masa."

Ya dubi walda ɗin dalma a kan wayoyin. Ƙanana ne, masu sheƙi, duk girmansu ɗaya. Ya san aikin hannu idan ya gani.

"Fitilar Mama na kai intabiyu," ta ce a hankali. "Saura sun kai takarda. Ni na kai fitila, na kwance ta a gabansu. Shi ya sa suka ɗauke ni."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta dubi uwarta. Hannatu ta juya kai tana gyara zanin gado.

"Na so in faɗa. Sau biyu na fara. Da ka ji sunan abin sai ka ɗauko maganar Baba Tanko, ba na samun wurin shiga."

Bai musa ba. Ya juya rediyon a hannu, sannan ya yi tambayar da ke cinsa tun safe.

"Ke dube ni. Kin taɓa sa shi a baki?"

Zai fi mata sauƙi ta ce a'a, kuma da ya yarda. Ta dube shi.

"Sau ɗaya. Ranar farko. Na so in san yadda yake kama wuta in an zuƙa, tunda waɗannan ba su da maɓalli."

Fushi ya taso masa. Maganganun sun riga sun jeru: Tanko ma da sau ɗaya ya fara, ni ma da sau ɗaya na fara, a nan ma kin yi balle Abuja. Ya buɗe baki. Sai ya ga Debby ta riga ta sunkuyar da kai ta haɗa hannu a cinya, Hannatu kuma ta zauna a bakin gado ta gyara zama. Dukansu sun shirya wa doguwar magana, irin shirin da mutum ke yi wa abin da ya saba. Hannunsa na cikin aljihu, babban yatsansa a kan maɓallin nan. Muryar Madam Vicky ta dawo masa tana ƙirga. Ya bi ta a zuci, ɗaya, biyu, uku, har goma.

"Yaya ɗanɗanonsa?" ya ce.

Ta ɗago kai. "Kamar an ƙona alawa a cikin safa. Na yi tari har Madam Vicky ta ba ni ruwa tana mini dariya."

Hannatu ta toshe baki da gefen zani.

Shekari ya miƙe ya fita tsakar gida. Baba Godwin ya dawo inuwarsa, ya ɗaga ido yana jiran ya ji. Shekari ya tsaya inda tsohon zai ji shi sosai, ya juya wajen ɗaki.

"Debby! Tashi ki je a ƙarasa miki kitson nan. Ba a shiga Abuja da rabin kai."

"Shaidar tawa fa?" in ji Baba Godwin.

"Riƙe ta, wata rana za ta yi amfani."

Kafin ta fita ya tambaye ta kwalin. Ta ce ba za ta shiga mota da shi ba, cikin zafin nan da kaya a kan kaya. Dama niyyarta ta mayar wa Madam Vicky yau, ta ce mata ta daina ajiyewa. Matan kasuwa huɗu sun roƙe ta fitila irin ta Mama, sai dai su haƙura.

"In ba ki karɓa ba ina ake kai su?"

"Bola. Wani ya zo ya sa wuta."

Ya dubi tarin yashin da har yanzu ke fitar da ɗan hayaƙi.

"Nuna mini yadda ake cire batirin," ya ce. "Da inda ake manna salatif."

"Kitson fa?" in ji Debby.

"Mai kitso ta jira minti goma."

Ta nuna masa. Na farko ya ɓalle shi da ƙarfi har ta ce, "A hankali, Baba, ba tayar keke ba ce." Na uku ya fita lafiya. Ya auna, ya manne kawunan biyu, ya rubuta 3.9 a jiki. Ta bar masa tsohuwar mitarta da gwangwanin yashi, ta ce ya tara kawai, haɗawa sai ta zo hutu.

Da la'asar ya ajiye keke a gaban shagon Madam Vicky. Wannan karon bai duba hagu da dama ba, ko da yake ya so ya duba.

"Baba mai gudu! Ka dawo jin sauran?"

"Na ji a gida. Ni ne uban yarinyar. Gobe za ta tafi Abuja aiki. Na wannan satin na zo karɓa."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta sunkuya ƙarƙashin kanta ta fito da baƙar leda cike. "Sha huɗu ne. Ka ce mata na ce Allah ya kiyaye hanya. Yarinyar nan ita ta gyara mini injin cajin shago, ta ƙi karɓar ko lemo. Duk Juma'a ke nan, Baba?"

"Duk Juma'a."

Yana fitowa ledar ta ɗan buɗe, kawuna ja da shuɗi suka leƙo. Asabe na tsaye a ƙofar shagonta tana sa kwaɗo, da ledar ɗinkin biki a hammata. Ta dubi ledarsa, ta dubi fuskarsa, ta sake duban ledar. Shekari ya san kafin Lahadi duk zumuntar mata za su ji.

"Dattijo," ta ce a hankali, "waɗannan ma duk a keke aka manta?"

Ya sa ledar a akwatin ƙarƙashin kujera, nesa da inji, ya raba ta da makullai kamar yadda aka koya masa.

"Shigo in kai ki gida," ya ce. "Zan ba ki labarin a hanya. Amma fa sai kin tsaya kin ji har ƙarshe."